Yadda Ingila Ta Murƙushe Sarakunan Wales: Tambayoyi da Amsoshi

Mai bin labaran masarautar Birtaniya ya saba jin "Yariman Wales", sarautar da ake ba ɗan sarki mai jiran gado. A 1925 ma wani Yariman Wales ya zo Kano aka yi masa hawan daba. Amma asalin sarautar nan ta mutanen Wales ce, da takobi Ingila ta karɓe ta, bayan an kwashe fiye da shekara ɗari biyu ana gwabzawa. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan tarihi.

Ina ne Wales, kuma su wane ne suke sarautarta a lokacin?

Wales ƙasa ce ta duwatsu da ruwan sama a yammacin Ingila, teku ta kewaye ta ta gefe uku. Mutanenta suna da harshensu, wanda Baturen Ingila ba ya jin ko kalma ɗaya a ciki, suna kuma da dokokinsu da ake jinginawa ga Sarki Hywel Dda wanda ya rasu wajen 950. Ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya na dogon lokaci ba. Manyan masarautunsu uku ne: Gwynedd a arewa, Powys a tsakiya ta wajen gabas, Deheubarth a kudu maso yamma, ban da ƙananan sarakuna birjik.

Dokar gadonsu ita ce ta fi ba su wahala. In mutum ya mutu ana raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa maza duka, har da wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba muddin uban ya karɓe shi. Saboda haka duk sarkin da ya sha wahala ya haɗa kan ƙasa, da ya rufe ido sai 'ya'yansa su zare wa juna takobi, wanda aka kora kuwa ya san hanyar fadar Ingila.

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Sarki William ya zaunar da manyan hakimansa a Chester da Shrewsbury da Hereford, ya sakar musu mara: duk abin da suka ci a Wales nasu ne. Su ne hakiman kan iyaka. A cikin ƙasarsu suna da kotu, suna gina ganuwa, suna ta da yaƙi ba sai sun tambayi kowa ba. A 1093 suka kashe Rhys ap Tewdwr, sarkin Deheubarth, kusa da Brecon, kudancin ƙasar ya buɗe musu.

Mene ne haɗin yaƙin basasar Ingila da abin da ya faru a Wales?

Shi ne zaren da ya ɗinke labarin gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sarakunan Wales ba su taɓa yin wani babban ƙarfi ba sai lokacin da sarkin Ingila ke faɗa da hakimansa.

Da Henry na Ɗaya ya mutu a 1135, 'yarsa Matilda da ɗan 'yar'uwarsa Stephen suka kama yaƙin gadon sarauta har zuwa 1153. Shekara ba ta zagayo ba mutanen Wales suka tashi. A 1136 suka ragargaza rundunar Normandawa a Crug Mawr kusa da Cardigan, a shekarar ne kuma wata gimbiya, Gwenllian, ta jagoranci mayaƙa zuwa Kidwelly, aka kama ta aka kashe. Da hakiman Ingila suka yi wa Sarki John tawaye a 1215, Llywelyn ab Iorwerth, sarkin Gwynedd, ya shiga bayansu ya kama Shrewsbury, shi ya sa a cikin takardar Magna Carta akwai sassa uku, na 56 da 57 da 58, da ke maganar mayar wa mutanen Wales filayensu da 'ya'yansu da aka riƙe. Da Simon de Montfort, jagoran hakiman da suka yi tawaye, ya kama Sarki Henry na Uku a yaƙin Lewes a 1264, jikan wancan Llywelyn ɗin ya ƙulla yarjejeniya da shi. Owain Glyndŵr kuwa, jagoran babban tawayen Wales na ƙarshe, ya ɗaga tuta ne shekara ɗaya bayan an tuɓe Richard na Biyu a 1399.

Ɗaya gefen kuma shi ne mai ɗaci: basasa tana ƙarewa, wanda ya yi nasara ya juyo da rundunar da ta gama gogewa a fagen fama, ya nufi yamma.

Me ya sa sarakunan Ingila na farko suka kasa cin ƙasar?

Barden Ingila sanye da sulke a kan ingarman doki yana buƙatar fili. Mutanen Wales ba sa ba shi fili. In runduna ta shigo sai su kora shanunsu su hau duwatsu, su bar mata ƙauyuka babu ko ƙwayar hatsi, su riƙa yi mata kwanton ɓauna a cikin kurmi da mashi da baka. Bayan 'yan makonni yunwa da ruwan sama sun gama aikin. A 1165 Henry na Biyu ya tara gagarumar runduna ya hau duwatsun Berwyn, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya koro shi gida bai yi wani yaƙin kirki ba. Haushin haka ya sa ya ba da umarni aka makantar da 'ya'yan sarakunan Wales da ke hannunsa a matsayin jingina.

Sarki John ma ya ɗanɗana. A 1211 ya shiga sau biyu, na farko yunwa ta dawo da shi, na biyu ya kai har Bangor ya ƙone ta. Abin da ya ceci Llywelyn ab Iorwerth a ranar shi ne matarsa Joan, 'yar John ɗin ce, ita ta je ta roƙi ubanta. Da aka sake tayar da ƙayar baya a 1212, John ya rataye yaran Wales da aka ba shi jingina a Nottingham. Malaman tarihi na zamanin sun ce su 28 ne.

Ana yawan ambaton Llywelyn. Mutum ɗaya ne ko biyu?

Biyu ne, kaka da jika. Na farko, Llywelyn ab Iorwerth, shi ake kira Llywelyn Babba. Ya rasu a 1240 yana riƙe da kusan duk Wales da ba ta hannun hakiman kan iyaka. Ya so ya karya al'adar rabon gado, ya bar wa ɗansa Dafydd komai, ya ture babban ɗansa Gruffudd. Gruffudd ya ƙare a tsare a Hasumiyar Landan, a 1244 ya ƙulla zannuwan gado ya yi igiya don ya gudu, igiyar ta tsinke ya faɗo ya mutu. Dafydd ya bi shi a 1246 bai bar ɗa ba, Ingila ta yanke Gwynedd ta bar wa magada ɗan abin da ta ga dama.

Na biyu ɗan wannan Gruffudd ne, Llywelyn ap Gruffudd. A 1255 ya ci 'yan'uwansa Owain da Dafydd da yaƙi a Bryn Derwin, ya kulle Owain fiye da shekara 20. Daga nan ya yi ta faɗaɗa ƙasa yayin da Henry na Uku ke fama da hakimansa. De Montfort ya mutu a Evesham ranar 4 ga Agusta 1265, amma Ingila ta gaji ainun, don haka a yarjejeniyar Montgomery ta 1267 Henry ya amince da Llywelyn a matsayin Yariman Wales, sauran sarakunan ƙasar su yi masa caffa, shi kuma ya yi wa sarkin Ingila. Kuɗin wannan amincewa mak 25,000 ne, kowane mak kashi biyu cikin uku na fam, a biya shi shekara-shekara. Ga ƙasar da arzikinta shanu ne da ɗan hatsi, wannan bashi ne mai karya ƙashin baya. Don ya biya sai da ya matsa wa talakawansa da hakimansa da haraji, da yawansu kuma ba su manta ba.

Me ya haɗa shi da Edward na Ɗaya?

Edward, ɗan Henry na Uku, ya san Llywelyn tun kafin ya hau gadon Ingila, don filayensa na Wales ne Llywelyn ya fara mamayewa a 1256, kuma bai manta cewa ya taimaki De Montfort ba. Ya gaji sarauta a 1272. A 1274 aka bankaɗo wani shiri na kashe Llywelyn, wanda ƙanensa Dafydd da sarkin kudancin Powys, Gruffudd ap Gwenwynwyn, suka ƙulla. Su biyun suka gudu Ingila, Edward ya karɓe su hannu bibbiyu. Llywelyn ya ce ba zai je ya yi caffa ba sai an miƙo masa su, ya kuma tsayar da biyan bashin. An kira shi sau da yawa bai je ba. Sai kuma ya ƙara wa wutar fetur: ya nemi auren Eleanor, 'yar De Montfort. Ana kawo ta daga Faransa a jirgin ruwa a 1275 mutanen Edward suka tare ta, aka tsare amarya. A Nuwamba 1276 aka ayyana Llywelyn ɗan tawaye.

A ganina Llywelyn yana da hujja a kusan kowane ƙorafinsa, amma ya yi wa Edward kallon ubansa Henry, kuma wannan kuskure ne da ba ya gyaruwa.

Yaya aka yi yaƙin 1277?

Kusan babu wani babban karo a cikinsa, abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa ke nan. Edward ya gane cewa abin da ya kayar da magabatansa ciki ne da hanya. Ya taso daga Chester ya bi gaɓar teku, a gabansa ɗaruruwan masu gatari suna sare kurmi suna buɗe hanya mai faɗi yadda ba wanda zai iya laɓewa ya harbo kibiya. Duk inda ya yada zango sai magina su fara aiki: Flint, sannan Rhuddlan, inda har kogin Clwyd aka haƙe aka miƙe shi don jiragen ruwa su iso gindin ganuwa da abinci. Rundunarsa ta kai mutum 15,000 da ɗoriya, wajen 9,000 daga cikinsu kuwa mutanen Wales ne.

Sai ya tura jirage suka kama tsibirin Anglesey, rumbun hatsin Gwynedd, daidai lokacin girbi. Aka sauke masu lauje 360 suka girbe gonakin tas, hatsin da Llywelyn zai ci da hunturu ya koma cikin sojan Edward. Llywelyn yana cikin duwatsun Eryri, ga sanyi na tahowa, ga hakimansa suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamba ya sa hannu a yarjejeniyar Aberconwy. An bar masa sunan Yarima da yammacin Gwynedd kawai. A 1278 aka sako masa Eleanor aka ɗaura aure a Worcester, Edward da kansa ya halarta.

To tunda an yi sulhu, me ya sake ta da yaƙi a 1282?

Ma'aikatan Ingila da aka zuba a yankunan da aka ƙwace. Sun riƙa yi wa mutane shari'a da dokar da ba su sani ba, suna sare musu dazuzzuka, suna wulaƙanta manya. Llywelyn da kansa ya shekara da shekaru yana bin kotun Edward kan wani yanki da ake kira Arwystli, ana ta ja masa rai kan ko da dokar Wales za a yanke ko da ta Ingila. Abin mamaki, wanda ya fara kai hari shi ne Dafydd, mutumin da ya yi yaƙi a gefen Edward a 1277, wanda ya ga ladan da aka ba shi bai kai ba. A Maris 1282, ana shiga makon Ista, ya afka wa ganuwar Hawarden da dare. Ƙasa ta ɗauka, Llywelyn bai da zaɓi sai ya shiga.

Da farko abin ya yi musu kyau. A Yuni suka tarwatsa wata rundunar Ingila kusa da Llandeilo. A Nuwamba sojan Edward da ke Anglesey suka tsallaka wata gada da suka yi da jiragen ruwa a jere, ruwan teku ya cika ya datse musu hanyar komawa, mutanen Wales suka gangaro musu, kwamandansu Luke de Tany da barade da dama suka nutse da sulkensu. Babban limamin cocin Canterbury, John Peckham, ya shiga tsakani da tayin cewa Llywelyn ya bar ƙasarsa a ba shi fili a Ingila mai kawo fam 1,000 a shekara. Ya ƙi.

Ranar 11 ga Disamba 1282 aka kashe shi kusa da Cilmeri, wajen garin Builth, yana nesa da babbar rundunarsa. Aka yanke kansa aka kai wa Edward a Rhuddlan, daga nan Landan, inda aka zaga da shi gari aka kafe shi a kan Hasumiya. Gangar jikin aka binne a gidan ibada na Cwmhir.

Me aka yi wa Dafydd da sauran zuriyar gidan?

Dafydd ya ci gaba da yaƙi wata shida, yana gudu daga dutse zuwa dutse, har mutanen ƙasarsa suka kama shi suka miƙa a Yuni 1283. Aka yi masa shari'a a Shrewsbury, ranar 3 ga Oktoba aka zartar. Kowane laifi da nasa hukuncin: aka ja shi a ƙasa a bayan doki saboda cin amanar sarki, aka rataye shi saboda kisan kai, aka farke cikinsa aka ƙone hanjinsa saboda ya zubar da jini a makon ibada, aka raba gawarsa huɗu aka aika garuruwa dabam-dabam. Kafin wannan rana, babban mutum in ya yi tawaye akan ci shi tara, ko a ƙwace filinsa, ko a tsare shi. Edward ya mai da ɗaukar makami a kan sarki laifin da ake yi wa wannan irin kisa, kuma haka aka yi wa William Wallace na Scotland a 1305.

Yaran ba a kashe su ba, an dai tabbatar ba za su haifi kowa ba. Eleanor ta rasu wajen haihuwa a Yuni 1282, ta bar jaririya Gwenllian, ita kaɗai ce 'yar Llywelyn. Aka kai ta gidan mata masu zaman zuhudu a Sempringham, can gabashin Ingila, ta zauna a ciki har ta mutu a 1337 tana da shekara 54. 'Ya'yan Dafydd maza biyu aka kulle su a ganuwar Bristol. Babban ya mutu a 1287. Ƙaramin, Owain, a 1305 aka ba da umarni a riƙa sa shi cikin kejin katako mai ɗaurin ƙarfe da dare, kuma a 1325 yana nan a tsare. Ko bayan kusan shekara ɗari Ingila ba ta saki jiki da gidan ba: Owain Lawgoch, jikan wani ƙanen Llywelyn, yana yi wa Faransa aikin soja yana kiran kansa Yariman Wales, a 1378 aka tura wani mai suna John Lamb ya shiga hidimarsa ya soke shi, aka biya shi fam 20.

Waɗannan manyan ganuwoyi da ake gani a hotuna fa, wa ya gina su, da kuɗin wa?

Conwy da Caernarfon da Harlech an fara su a 1283, Beaumaris a 1295. Babban maginin shi ne James na St George, mutumin Savoy, ma'aikata kuwa daga kusan kowace gundumar Ingila aka tattaro su, maƙera da masassaƙa da masu fasa dutse da masu haƙa. Duk an gina su a bakin ruwa, don ko an kewaye su ta tudu jirgi zai kawo abinci. Ginin ya ci wajen fam 80,000 cikin shekara ashirin da 'yan kai, yaƙin 1282 zuwa 1283 kuma wajen fam 120,000. Edward ya samo kuɗin ne daga haraji, da kuɗin fiton ulu, da rance daga 'yan kasuwar Riccardi na birnin Lucca a Italiya. Babu wani sarkin Wales da ya taɓa ganin kwatankwacin wannan dukiya.

Wuraren ma da gangan aka zaɓe su. A Conwy akwai gidan ibadar da aka binne Llywelyn Babba, aka tashe shi aka mai da shi Maenan. Don a gina Beaumaris aka kwashe mutanen garin Llanfaes gaba ɗaya aka kai su wani gefen tsibirin. A gindin kowace ganuwa aka kafa gari aka zuba baƙi daga Ingila, kasuwa tasu, gata nasu. Hukumar UNESCO ta sa huɗun nan cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Wane irin mulki aka kafa bayan yaƙin?

Dokar Rhuddlan ta 1284 ta yanka ƙasar Llywelyn zuwa gundumomi irin na Ingila: Anglesey, Caernarfon, Merioneth, da Flint. Shari'ar manyan laifuka ta koma ta Ingila, aka soke biyan diyyar kisa na gargajiya. Rabon gado tsakanin 'ya'ya maza an bar shi, sai dai an cire ɗan da ba na aure ba. Hakiman kan iyaka kuwa ba a taɓa su ba, an ma ƙirƙiro sababbi, irin su Denbigh da Ruthin, aka raba wa waɗanda suka taimaki sarki.

Gaskiya ne Edward ya yi wa mutanen Wales alkawarin yarima "da bai iya Turanci ba", sannan ya nuna musu jaririnsa?

Tatsuniya ce, sai a ƙarni na 16 aka fara rubuta ta. An dai haifi yaron a Caernarfon a Afrilu 1284, amma a lokacin yana da wa a raye, kuma sai a 1301 aka ba shi sarautar. Ko fadar Edward ma Faransanci aka fi yi a cikinta.

Daga nan kowa ya sallama?

Ina! A 1287 Rhys ap Maredudd na kudu, wanda ya goyi bayan Edward a yaƙe-yaƙen biyu, ya ga ma'aikatan sarki sun raina shi, ya yi bore. An kewaye ganuwarsa ta Dryslwyn an ci ta, shi kuma aka kashe shi a York a 1292. Mafi girma shi ne na 1294, lokacin da aka ɗora haraji mai nauyi aka kuma ce a tara samari su tafi yaƙi a Gascony ta Faransa. Madog ap Llywelyn, dangin tsohon gidan sarauta, ya kama Caernarfon da ba a gama ginawa ba, aka rataye babban jami'in sarki na Anglesey, Roger de Pulesdon. Edward ya fasa tafiya Faransa ya tara mutum wajen 35,000, shi da kansa ya maƙale a Conwy cikin hunturu, kogi ya cika ya raba shi da rundunarsa. A Maris 1295 aka ci Madog a Maes Moydog, ya ƙare a kurkukun Landan.

Na Llywelyn Bren a Glamorgan a 1316 ƙarami ne, amma ya nuna yadda boren Wales da rikicin cikin gidan Ingila suke cuɗe. Ya miƙa wuya don a bar mutanensa, hakiman da suka kama shi ma suka roƙa masa sassauci. Sai Hugh Despenser ƙarami, ɗan gaban goshin Edward na Biyu, ya karɓe shi ya kashe shi a Cardiff a 1318 ba bisa ƙa'ida ba. Da hakiman kan iyaka suka tashi yaƙar Despenser a 1321, wannan kisa yana cikin laifukan da suka lissafa masa. A wannan basasar manyan arewacin Wales, ƙarƙashin Gruffydd Llwyd, bayan sarkin Ingila suka bi, don a wurinsu hakimin da ke maƙwabtaka da su ya fi sarkin da ke nesa zama abin tsoro.

Ke nan da hannun mutanen Wales aka ci Wales?

Da ɗan gari akan ci gari. Sarakunan Powys da na kudu da yawa suna ganin Llywelyn ɗan arewa ne mai son ya hau kansu, harajinsa kuma bai fi na Edward sauƙi ba. Kishin ƙasa ɗaya irin na yau bai kafu ba, kowa gidansa da filinsa yake karewa. Bayan an ci ƙasar kuma, aikin soja ya zama sana'a: wajen mutum 10,000 daga Wales ne suka yi wa Edward yaƙi a Falkirk ta Scotland a 1298, jikokinsu kuma suka je Crécy ta Faransa a 1346. Masu matsakaicin arziki suka karɓi ƙananan muƙamai suka zauna lafiya fiye da shekara ɗari.

To Owain Glyndŵr fa, daga ina ya fito?

Daga cikin waɗannan masu zaman lafiyar. Ya yi karatun shari'a a Landan, ya auri 'yar wani alƙalin Ingila, ya yi wa Richard na Biyu yaƙi a Scotland a 1385. Rikicin fili ne ya haɗa shi da maƙwabcinsa Reginald Grey na Ruthin, wanda ke da fada a wurin sabon sarki Henry na Huɗu. Ranar 16 ga Satumba 1400 magoya bayansa suka naɗa shi Yariman Wales a Glyndyfrdwy, suka ƙone Ruthin. A 1401 'yan'uwansa biyu na gidan Tudor suka shammaci masu gadin Conwy suna coci ranar Juma'ar Ista suka kama ganuwar.

Majalisar Ingila ta mayar da martani da dokokin 1401 da 1402: ɗan Wales ba zai sayi fili a garuruwan Turawa ba, ba zai riƙe babban muƙami ba, ba zai ɗauki makami ba, ba za a yi taro ba sai da izini, Baturen da ya auri 'yar Wales ma ya rasa gatansa. Dokokin nan sun tura masu shakka da yawa cikin tawayen. A 1402 Owain ya kama Grey, sai da aka biya fansar mak 10,000. A Yuni ya ci yaƙin Bryn Glas ya kama Edmund Mortimer, wanda ɗan wansa ya fi Henry kusanci da gadon sarauta. Henry ya ƙi fansarsa, Mortimer ya auri 'yar Owain, Catrin, ya sauya sheƙa. Gidan Percy na arewacin Ingila, surukan Mortimer, su ma suka juya wa sarki baya. A 1404 Owain ya kama Harlech da Aberystwyth, ya kira majalisa a Machynlleth, ya ƙulla ƙawance da Faransa. A 1405 shi da Mortimer da dattijon gidan Percy suka rubuta yarjejeniyar raba Ingila da Wales gida uku, sojan Faransa kuma suka sauka a Milford Haven. Wasiƙar da ya aika wa sarkin Faransa daga Pennal a 1406 tana neman cocin Wales mai cin gashin kansa da jami'o'i biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu.

Me ya kayar da shi?

Abokan da ya dogara da su sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. An kashe Henry Percy, wanda ake kira Hotspur, a Shrewsbury ranar 21 ga Yuli 1403 kafin rundunoninsu su haɗu, ubansa kuma a Bramham Moor a 1408. Faransa ta faɗa cikin nata rikicin gida bayan kisan Louis na Orléans a 1407. Ɗan sarki, Henry, wanda kibiya ta same shi a fuska a Shrewsbury yana ɗan shekara 16, ya koma dabarar Edward: ya riƙe bakin teku, ya toshe hanyar abinci da makamai, ya buɗe ƙofar afuwa ga duk yankin da zai biya tara ya ajiye makami. Aberystwyth ta faɗi a 1408 bayan an yi mata luguden igwa, Harlech a 1409. Mortimer ya mutu a cikin ƙawanyar, aka kwashe matar Owain da Catrin da 'ya'yanta zuwa Landan, inda Catrin ta mutu a 1413.

Owain kansa ba a taɓa kama shi ba, ba kuma wanda ya sayar da shi duk da ladan da aka sa a kansa. A 1412 ya kama Dafydd Gam, ɗan Wales mai biyayya ga sarki, ya karɓi fansa, daga nan aka daina ganinsa. Henry na Biyar, wato ɗan sarkin nan da ya gaji ubansa, ya yi masa tayin afuwa a 1415 bai amsa ba. Ɗansa Maredudd ya karɓa a 1421.

Yaushe Wales ta zama ɓangaren Ingila a hukumance?

A hannun gidan Tudor, dangin waɗanda suka kama Conwy. Wata basasar ce kuma, yaƙin gidajen Lancaster da York, ta buɗe wa Henry Tudor hanya: an haife shi a Pembroke, ya sauka kusa da Milford Haven a 1485, ya ratsa Wales yana tara mayaƙa, ya kashe Richard na Uku a Bosworth ya hau gadon Ingila. Ɗansa Henry na Takwas ya yi dokokin 1536 da 1543 da suka soke ikon hakiman kan iyaka, suka soke dokar Hywel, suka ba Wales kujeru a majalisar Landan. Cikin dokar 1536 akwai sharaɗin cewa da Turanci za a yi shari'a, kuma wanda bai iya shi ba ba zai riƙe muƙami ba. Sai a 1942 aka ba mutum damar yin magana da harshen Wales a kotu. Ƙasar ta samu majalisarta a Cardiff a 1999, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutum wajen 538,000 ne suke jin harshen, cikin al'umma miliyan uku da ɗoriya.